Ta Gama Kemo, Tana Mantuwa: Kada Mu Ce Jifa Ce

'Yan'uwa, akwai maganar da muka daɗe muna haɗiyewa a ikkilisiyoyinmu na Boɗinga da Shagari. Mace ta kamu da sankarar nono, an yi ta jigila da ita zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ana ƙara mata ruwan maganin nan mai ƙarfi da ake kira kemo, galibi duk bayan mako uku. Ta gama, gashi ya sake tsirowa, an yi godiya a sujadar Lahadi. Sai ga shi ta ɗora tukunya ta manta, ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ita da ke riƙe lissafin adashe da ka, yanzu canjin kasuwa yana rikita ta. Nan fa surutu ya tashi: wasu su ce jifa ce, wasu su ce shagwaɓa, maigida kuwa ya ce raini ne.

Babu ko ɗaya a ciki. Likitoci sun san abin. A 2017 masana na Jami'ar Rocista ta Amurka sun buga binciken da suka yi a kan mata 581 masu wannan ciwo. Kashi 45 cikin ɗari sun ce tunaninsu ya ja baya bayan kemo, alhali a cikin mata masu lafiya da aka kwatanta da su, kashi 10 ne kawai. A 2012 kuma, a ƙasar Holan, an gwada mata 196 da suka yi kemo kimanin shekara 20 da suka wuce, aka tarar sun ɗan gaza tsararrakinsu wajen tuna kalmomi da saurin tunani. A lura, "ɗan gazawa" muka ce. Ba hauka ba ne, kuma da yawa suna samun sauƙi a hankali.

Maganin kansa yana gajiyar da ƙwaƙwalwa, amma ba shi kaɗai ba. Ƙarancin jini, rashin barci, ɗaukewar al'ada kafin lokacinta da zullumin dawowar ciwon duk suna ƙara nauyi, kuma wasunsu suna da magani. Shi ya sa muke ganin kuskure ne mace ta ɓoye mantuwarta don kunya. A faɗa wa likita ranar da aka koma dubiya. Kada kuma wani ya fake da wannan ya hana matarsa kemo. Mai mantuwar gishiri tana nan da ranta cikin 'ya'yanta.

Ga Zumuntar Mata muna cewa: kada a karɓe littafin kuɗi daga hannunta a asirce, wai don a rufa mata asiri. Wannan ya fi mantuwar ciwo. A haɗa ta da mataimakiya, su yi lissafi tare. Wata ta raka ta Sakkwato da takarda da biro, ta rubuta abin da likita ya faɗa, musamman lokacin shan ƙwaya, tun da akwai masu shan tamoxifen har shekara biyar ko fiye. A gida kuma a bar ta ta gama aiki ɗaya kafin a ɗora mata wani.

Amma idan mantuwar ta zo da matsanancin ciwon kai, ko amai, ko jijjiga, ko mutuwar ɓarin jiki, wannan wata magana ce dabam, domin sankarar tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. A yi addu'ar a cikin mota, a kan hanyar asibiti, a ranar.