Kada mu rushe tsofaffin masallatanmu na ƙasa

Akwai wata ɗabi'a da ta kama garuruwanmu na Madawa, Buza da Keita, wadda ya kamata mu tsaya mu duba. Da zaran wani mai hali ya ba da kuɗin gina masallaci, abin da ake fara yi shi ne a tada tsohon na ƙasa, a zuba siminti, a rufe da kwano. Allah ya saka wa masu ba da dukiyarsu da alheri, amma mu a ganinmu rushewar nan hasara ce.

A Ingila, majami'un unguwanni da aka gina zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901, da yawansu suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, ba a rushe su ko a sauya musu kama sai da izini. Kusa da mu ma, a Wusasa ta Zariya, majami'ar Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, bisa tsarin ginin Hausa, tana nan tsaye ana tattalinta. Ashe mu da muka gaji sana'ar ne za mu raina ta?

Ba sai mun je nesa ba. A nan jihar Tawa, a garin Yama, mutane sun ɗora wa magini Falke Barmu ginin masallacin Juma'a a 1962, kowane gida ya kawo nasa taimako, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. A 1975 ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, daga baya ya ƙara hasumiya 4, kowacce da irin siffarta. A 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, sunan Nijar ya zagaya duniya albarkacin laka.

Mun san hujjar masu rushewa: jama'a sun ƙaru, wuri ya yi kaɗan, kuma ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara kafin damina. Gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya yi sallar azahar ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya san bambancinsa da sanyin soro. Maganar ƙarancin wuri kuwa, mutanen Dandaji sun nuna mafita. An gina musu sabon babban masallaci da tubalin ƙasa, aka kammala a 2018, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne tsofaffin maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, samari kuma ba su ga abin koyo ba tunda babu aiki. Ran da na ƙarshe ya kwanta dama, kuɗi ba za su maido da iliminsa ba.

Saboda haka muna kira ga magadan gari da sarakunanmu su ƙidaya tsofaffin masallatai da zaurukan da suka rage, su hana taɓa su ba da shawara ba. Mai son gina sabo a ba shi fili a gefe. Matasa kuma a farfaɗo da gayyar yaɓe, tsofaffin magina na gaba suna nuna musu. Allah ya sa mu gane.