Gandiroba Mace da Ƙofar Kai Ƙara

Tun kafin Nasara su zo da nasu tsarin kurkuku, malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda har gobe ake karanta littattafansu a zaurukan Roni da Kazaure, sun riga sun yanke cewa idan hukunci ya kama a tsare mace, to, hannun mace amintacciya ake damƙa ta, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu. Dokar 2019 kuwa, wadda ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ita ma ta wajabta a keɓe wa mata wurinsu. Ashe ke nan duk ranar da alƙali a Roni ko Gwiwa ya tura mace gidan kaso, lalura ce ta shari'a a sami gandiroba mace da za ta caje ta, ta kwana tsaronta, ta raka ta asibiti in naƙuda ta taso.

To, ita wannan baiwar Allah da aka ɗora wa amanar wasu, ba baƙar maganar fursunoni ce ta fi ci mata rai ba, domin wannan akwai horonta a doka. Abin da ke hana ta barci shi ne na gaba da ita, wanda jadawalin aikin dare da takardar ƙarin girma da canjin wurin aiki duk suke hannunsa, idan Shaiɗan ya raya masa ya ce ta same shi a ofis bayan an tashi. In ta ƙi, sai ta wayi gari an jefa ta wani gari mai nisa da 'ya'yanta. In ta buɗe baki, ƙarar ta teburinsa za ta bi. In ta faɗa a gida, maigida ya ce ta ajiye kakin, maƙwabta kuma su ce me ya kai mace aikin maza tun farko. Da yawa shiru suke zaɓa.

Wasu ma, don ƙarancin sani ko don son zuciya, sukan tsorata ta da haddin ƙazafi, wai sai ta kawo shaidu huɗu, alhali wannan sharaɗi na tuhumar zina ne, amma shafa da batsa da barazana babin ta'aziri ne, wanda hukuma ke da ikon bincike a kansa.

Doka ba ta yi ƙaranci ba: Jigawa ta kafa tata ta hana cin zarafi a 2021, Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a 2022. Abin da nake roƙon Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida shi ne ta buɗe a Dutse ofishi irin na walin mazalim (mai sauraron ƙarar zalunci) na da, wanda ba ya ƙarƙashin shugaban gidan yari, mata ne ke karɓar ƙara a cikinsa, kuma a haramta canza wa mai ƙara wurin aiki har sai an kammala bincike.