Raddi Ga Masu Cewa Hazon Sigarin Lantarki Ba Ya Taɓa Na Gefe

Tun da Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙera sigarin lantarki a 2003, gardama a kansa ta rabu gida biyu: abin da yake yi wa mai zuƙarsa, da abin da yake yi wa wanda ke zaune kusa da shi. Ta biyun ce a gabanmu. Wasu masu fafutukar rage illar taba, musamman a Ingila, sun tsaya a kan cewa babu dalilin hana zuƙarsa a ofis ko gidan abinci ko ɗakin jira. Madogararsu ita ce Hukumar Lafiyar Jama'a ta Ingila, wadda rahotonta na 2018 ya nuna cewa zuwa lokacin ba a gano wata illa ga lafiyar na gefe ba. Dokar hana shan taba a wuraren jama'a da ta fara aiki a Ingila a Yulin 2007 kuwa ba a rubuta ta da sigarin lantarki a ciki ba, sai aka bar wa kowane mai wuri ya yanke hukuncinsa. Masu wannan ra'ayi ba jahilai ba ne, cikinsu har da likitocin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen yaƙi da taba. Sai dai hujjojinsu duka ciwo ɗaya ke damun su: da hayaƙin sigari suke auna hazon, alhali wanda ba ya shan komai ba a ba shi zaɓi tsakanin hazo da hayaƙi ba. Iska mai tsabta aka karɓe masa, da ita kuma ya kamata a yi awon.

Da'awarsu mafi yawo a bakin jama'a ita ce wai tururin ruwa ne kawai. Wanda ya karanta jikin kwalbar ya san ba haka ba ne. Akasarin ruwan da ake ɗurawa furofilin gilaikol ne da gilisarin, sai nikotin da kayan ƙamshi. Batir ke ɗumama wata 'yar naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe har ruwan ya tashi ya zama ƙananan ɗigo masu yawo a iska. Idan zafin ya yi yawa, wani ɓangare na ruwan kan rikiɗe ya zama famaldihaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Ita ma wayar tana sakin ɓurɓushinta, don masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun samu dalma da nikel da kuromiyom a cikin hazon a 2018. Za a ce ai gilaikol da gilisarin an halatta su a abinci da magani. Haka ne, amma hanji daban, huhu daban. Tun a 2001 wasu masu bincike a Suwidin suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 27 da suka shiga hazon furofilin gilaikol na minti ɗaya kacal wajen atisayen gaggawa na ma'aikatan jirgin sama, suka fito da ƙaiƙayin ido da na maƙogwaro.

Sai lambar nan da ta zama kamar karin magana: wai ya fi sigari sauƙin illa da kashi 95 cikin 100. Hukumar ta Ingila ce ta yayata ta a 2015, ta kuma ɗauko ta ne daga wata maƙala ta 2014 da Farfesa David Nutt ya jagoranta, inda masana 12 suka zauna suka ba kayan nikotin iri-iri maki bisa ganinsu. Ba iskar wani ɗaki aka auna ba, ba jinin kowa aka ɗiba ba, kuma mujallar Lancet ta soki raunin ginshiƙin tun a shekarar da aka yayata lambar. Amma mu ɗauka ma daidai take. Kashi 5 na abin da ke kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kansa riba ce babba ga wanda ya sauko daga 100. Wanda yake kan sifili fa? Shi hawa aka yi da shi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta uku ce, kuma a nan gizo ke saƙar. Suna cewa sigari na ci da wuta ko ana zuƙa ko ba a zuƙa, mafi yawan hayaƙin da ke cika ɗaki ma daga bakin wutar yake tashi, ba daga bakin mashayi ba. Shi kuwa na lantarki ba ya fitar da komai sai an ja, jikin mai ja yana riƙe fiye da kashi 90 na nikotin ɗin, ragowar kuma tana watsewa cikin 'yan daƙiƙu. Kusan duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mai hankalin da zai ce hazon da hayaƙin ɗaya suke. Inda maganar ta karkace shi ne ɗaukar ɓacewa daga ido a matsayin fita daga ɗaki. Ɗigon da ya bushe bai koma babu ba, ya koma iskar da ido ba ya gani ne, wani kuma ya sauka a bango da labule da tufafi, kamar dai turaren wuta da hayaƙinsa kan wuce amma zannuwan ɗaki su kwana da shi. An gwada an ga nikotin na hazon yana manne wa gilashi da daɓe. Awon iska ma bai goyi bayansu ba. A birnin Munik na Jamus, Wolfgang Schober da abokan aikinsa sun sa mutane suna zuƙa na awa biyu a ɗaki mai shigar iska, suka wallafa a 2014 cewa ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira PM2.5 sun kai matsakaicin maikurogiram 197 a kowace kubik mita. A wani taron masu zuƙa da aka yi a otal a Amurka, wanda aka wallafa awonsa a 2017, adadin ya tashi daga ƙasa da 5 kafin taron zuwa ɗaruruwa, a wani zagayen awo har ya haura 800. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa 15 ta sa a matsayin iyakar matsakaicin yini a jagorarta ta 2021. Adalci ya sa a faɗi cewa waccan iyaka don ƙura da hayaƙin injuna aka tsara ta, su kuwa waɗannan galibinsu ɗigon ruwa ne, ba toka ba, don haka ba za a ɗora lamba kan lamba kai tsaye ba. Amma wanda ya ce iskar ba ta canza ba, awo ya ƙaryata shi. Shi ya sa kwamitin Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka, bayan ya tace ɗaruruwan bincike a 2018, ya sa ƙaruwar nikotin da ƙwayoyin a iskar ɗaki cikin abubuwan da hujjarsu ta tabbata ba shakka, sannan ya ƙara da cewa akwai hujja matsakaiciya a kan cewa abin bai kai na sigari ba. Masu wancan ra'ayi rabin jumlar na biyu kawai suke karantowa.

Daga nan sukan ja da baya su ce, to, ko ya kai ga na gefe, ɗan mitsitsi ne. A Basalona, Montse Ballbè da abokan aikinta sun shiga gidaje sun auna, suka wallafa a 2014. Nikotin a iskar gidan mai shan sigari ya kai maikurogiram 0.74 a kowace kubik mita, a gidan mai na lantarki 0.13, a gidan da ba a shan komai 0.02. An kuma samu kotinin, wato abin da nikotin ke komawa a jiki, a yawu da fitsarin mazauna gidan da ba sa zuƙa. A 2024 masu bincike daga Kwalejin Jami'a ta Landan suka duba sakamakon gwajin jinin yara 'yan shekara 3 zuwa 11 a Amurka: waɗanda ake zuƙar na lantarki a kusa da su sun ɗauki nikotin ƙasa da na 'ya'yan masu sigari da kusan kashi 84, amma wajen ninki biyar na yaran da ba a shan komai a gabansu. Duka lambobin biyu gaskiya ne. Ta farko amsa ce ga uban da ke tambayar wanne ya fi sauƙi idan dole sai ya sha a gida, ta biyu kuma amsa ce ga tambayar ko akwai dolen tun farko. Yaro ba ƙaramin babba ba ne: ya fi shaƙar iska gwargwadon nauyinsa, yana rarrafe a daɓe, hannunsa kullum a baki, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba, ga shi nikotin na taɓa ƙwaƙwalwa mai tasowa. Mai juna biyu ma lissafinta ke nan.

Cewa har yau ba a nuna wanda hazon wani ya sa wa ciwon daji ko na zuciya ba, magana ce da tarihin taba kansa ya isa ya sa a yi hattara da ita. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka danganta sigari da dajin huhu. Sai a 1981 Takeshi Hirayama ya nuna illarsa ga na gefe, bayan ya bi matan aure fiye da 90,000 a Japan da ba sa shan taba tsawon shekara 14. Shekara 31 ke nan tsakani, kuma duk tsawonsu ana iya cewa ba a gano ba, ba tare da an yi ƙarya ba. Sigarin lantarki bai shiga kasuwannin Turai da Amurka ba sai wajen 2006 zuwa 2007. Cututtukan da ba sa jiran shekaru kuwa sun fara leƙowa: wani bincike da ya bi matasa sama da 2,000 a kudancin Kalifoniya daga 2014 zuwa 2019 ya ga tari mai majina da sarƙewar numfashi sun fi yawa ga masu zama da masu zuƙa, wani kuma a Fulorida ya ga tashin asma ya fi yawa ga matasa masu asma da ke shaƙar hazon. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke cewa ga sanadi. Amma ya isa ya ɗauke nauyin kawo hujja daga wuyan mai shaƙa ya mayar da shi wuyan mai fesawa.

Abin da ya rage musu shi ne tausayi: wai idan aka kora mai ƙoƙarin barin sigari waje, aka tsayar da shi cikin masu busa hayaƙi, zai koma gidan jiya. Ba a musun cewa na lantarki na taimaka wa wasu su bar sigari, bitar ƙungiyar masu tace binciken lafiya ta Cochrane ma ta nuna ya fi facin nikotin da cingam ɗinsa tasiri. Amma hana zuƙa a cikin ɗaki bai ƙwace na'urar daga hannun kowa ba, kuma ware masa gefensa a waje, nesa da masu sigari, ba ya cin kuɗi. Amurka ta hana shi a jiragen fasinja a 2016, jihar New York ta sa shi cikin dokar tsabtar iskar ɗaki a 2017, kuma ana ci gaba da sayar da shi a can. Akwai ma fuskar da ba su cika ambata ba: mai haɗa biyun, wanda ke zuƙar na lantarki a inda aka hana sigari ya kunna sigari da zarar ya fita, sassaucin nan zama yake gyara masa, ba hanyar fita ba. Kuma lokacin da Ayalan ta zama ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki a Maris na 2004, ba don baƙon da zai zauna rabin awa ya tashi aka yi ba. Don mai raba abinci da mai shara aka yi, waɗanda ke yini a ɗakin, ba su da ikon sauya tebur, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yarda a gwada sabon abu a huhunsu.