Jirgin Dufuna: Darasin da masu haƙar rijiya a Jigawa ya kamata su ji

Duk wanda ya ambaci tarihin jiragen ruwa a Kazaure ko Babura, za a iya yi masa dariya, domin teku na da nisan ɗaruruwan kilomita daga nan. Amma jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa ganowa a Afirka ba a gaɓar teku aka same shi ba. A maƙwabciyar Jigawa aka tono shi, cikin kwarin Tafkin Chadi da jihohin biyu ke ciki.

A shekarar 1987 ne wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani katako a zurfin kusan mita biyar. Bai sare shi ya yi makamashi ba, sai ya kai rahoto. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi aikin tono, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Wato tun kafin a gina dalar Masar, mutanen wannan yanki sun iya sassaƙa jirgi. Yanzu yana ajiye a Damaturu.

Ruwa bai tsaya nan ba a tarihin Arewa, domin ta cikinsa Turawan mulkin mallaka suka buɗe hanya. A tafiyar da Ingila ta shirya a Kogin Kwara a 1841, zazzaɓin cizon sauro ya hallaka Turawa da dama. A 1854 kuwa likita William Baikie ya shiga Binuwai da jirgin Pleiad yana bai wa mutanensa maganin kwinin, ya dawo ba tare da rasa kowa ba. Jirginsa na biyu, Dayspring, ya daki dutse ya fashe kusa da Jebba a 1857, kuma an ajiye ragowar ƙarafunansa a tashar jirgin ƙasa ta garin. Baikie ya kafa sansani a Lokoja, har ya zo Kano a 1862. A Lokojan ne Lugard ya ayyana mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairun 1900, sannan Kano ta faɗi a Fabrairun 1903. Wanda bai san labarin waɗannan jirage ba, bai gama fahimtar yadda Bature ya iso ƙasar Hausa ba.

Ga inda abin ya shafi Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Kowace rani ana haƙar rijiyoyi a fadamu, ana ɗibar yashi a rafuka, ana haƙa kududdufai don yin bulo. Babu mai iya cewa akwai wani Dufuna a ƙarƙashin wannan ƙasa, amma babu mai iya rantsuwa cewa babu. Abin tambaya shi ne, idan magirbi ya daki tsohon katako ko tukwane gobe, wa maginin zai sanar? Katakon da ya shekara dubbai a cikin laima, da zarar ya sha rana sai ya tsage ya ruɓushe. Kwana kaɗan sun isa a yi asarar da ba ta da magani.

Doka dai tana nan. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin irin waɗannan kaya, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa. Sai dai dokar da ba ta isa kunnen mai haƙa ba, takarda ce kawai.

Don haka ya kamata gwamnatin Jigawa da masarautu su ɗauki matakai masu sauƙin kuɗi. A yi amfani da rediyo da masu unguwanni wajen isar da saƙo ɗaya: wanda ya tarar da wani abu ya dakatar da aiki, ya mayar da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya rufe, ya sanar da dagaci. A kuma tabbatar wa manomi cewa ba za a ƙwace gonarsa ba, a ba shi tukwici, domin tsoro da talauci ne ke kai irin waɗannan kaya hannun dillalai. Sannan a sa labarin Dufuna da zanen duwatsun Birnin Kudu cikin abin da ake koya wa yara a makarantu.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masana daga Jamus sun zo Dufuna ne saboda makiyayi ɗaya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Haƙƙin hukuma ne ta tabbatar kowane mai haƙar rijiya a Jigawa ya san wannan ƙofa.