Dalilin Da Ya Sa Roka Ke Zubar Da Sassanta A Hanya

Wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda, ya ce ya ji labari wai roka, watau na'urar nan mai cilla kumbo zuwa wata duniya, takan riƙa ɓalle sassanta tana zubarwa tun ba ta yi nisa ba. Ya ce, ashe wannan ba almubazzaranci ba ne? Malam, tambayarka ta yi kyau, ga amsa.

Da fari sai mu sani ƙasa tana jawo kome zuwa gare ta. Abin da duk ke so ya kuɓuce mata, sai ya yi gudun kamar mil 25,000 a sa'a guda. Can sama kuwa babu iska, wuta kuma ba ta ci sai da iska. Saboda haka tilas roka ta ɗauki mai, ta haɗa da iskar da za ta ƙone shi. To, ga inda gizo ke saƙa. In ka ƙara mai ka ƙara nauyi, nauyin nan kuwa sai da wani man za a ɗaga shi.

Wani malamin makaranta ɗan'uwanka, mutumin Rasha, ana ce masa Konstantin Tsiolkovsky, shi ya fid da lissafin wannan a 1903. A 1929 kuma ya bayyana dabarar haɗa roka da roka hawa-hawa. Ta ƙasa ita ce babba, ita ke fara ci. In manta ya ƙare, tankinta da injinta sun zama kaya kurum, sai ta ɓalle ta faɗi, ta bisa ta kama wuta, ta ɗora kan gudun da ta gada. Malam, in mutum zai hau dutse da tulu uku na ruwa, ya shanye na fari, zai ci gaba da dakon tulun wofi? Ai sai ya ajiye.

Ga misali. Ran 5 ga Satumba 1977 Amurkawa suka cilla kumbon Voyager 1. Shi kumbon bai cika ton ɗaya ba, amma rokar da ta ɗauke shi, Titan-Centaur, ta fi ton 600. Manyan rokoki biyu na gefe suka fara ci, bayan kamar minti 2 suka faɗi. Hawa na fari ya karɓa, sa'an nan na biyu, sa'an nan Centaur, daga ƙarshe wani ɗan inji da ke manne da kumbon. A ran nan hawa na biyu ya mutu tun bai gama cin mansa ba. Sai Centaur ta ƙara ci don ta cike giɓin. Sa'ad da ta kai gudun da ake bukata, man da ya rage mata bai cika na sakan 4 ba. Da ya ƙare tun da wuri, da aikin shekaru ya tashi a banza.

Daga nan kumbon ya yi ta tafiya da gudun da aka ba shi, don babu iskar da za ta tare shi. Ya wuce Mushtari a 1979, ƙarfin jan Mushtari ya ƙara masa sauri, ya isa Zuhal a 1980.

Amma fa, Malam, ba ka rasa gaskiya ba. Injunan nan da tsada suke, masu aikin ma asarar tana damunsu. Shi ya sa a Disamba 2015 kamfanin SpaceX ya komo da hawa na fari na rokarsa Falcon 9, ya sauke shi a tsaye lafiya. Yanzu sukan gyara irinsa su sake tashi da shi. Duk da haka ɓallewar ba ta da makawa, inda sashen zai sauka kaɗai aka sake.

Ina roƙonka ka gwada wa almajiranka misalin tulun nan, ka ji abin da za su ce, ka rubuto mana. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.

Naku,
Akawu.