SUNAN HAJARKA DUKIYA NE, KADA KA BAR SHI A TITI

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, 'yan kasuwar Tudun Wada da na Tsafe da Bunguɗu, ga wata magana da muke roƙo ku saurara da kunnen basira.

Kwanan baya wata 'yar'uwarmu mai sana'ar ƙuliƙuli da man gyada ta zo ofishin jam'iyya da kuka. Shekara da shekaru tana zuba manta a kwalba, tana liƙa takarda mai suna "Mai Kyau", har jama'a suka saba da shi. Sai wani mai ƙarfin jari ya buga takarda irin tata, ya cika kasuwa da gurɓataccen mai. Ta tambaye mu ko za ta iya yi wa sunan rajista ya zama nata ita kaɗai. Muka duba doka, muka gaya mata gaskiya ko da ba daɗi: ba za a karɓi wannan suna ba, domin kowa yana da ikon ya ce mansa mai kyau ne.

Asarar suna ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Fatar jar akuyarmu ta ƙasar Sakkwato, wadda kakanninmu suka jeme, ta ƙetare Sahara ta isa Turai, amma can sai aka kira ta fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

To, ga abin da doka ta ce. Dokar tambarin haja ta Nijeriya an yi ta a 1965, an kuwa kwaikwayo ta ne daga ta Ingila ta 1938. Sunan da ta fi yarda da shi, shi ne kalmar da mutum ya ƙago da kansa, kamar Kodak, wadda George Eastman ya ƙirƙira a Amurka a 1888 don na'urar ɗaukar hoto. Tana kuma karɓar kalmar da ba ta bayyana irin hajar ko ingancinta. Mai sabulu yana iya kiran nasa "Zalɓe", domin ba ruwan zalɓe da sabulu, muddin wani bai riga shi ba.

Abin da ba ta so shi ne kalmar yabo, irin su "Nagari" ko "Mai Daɗi", da sunan gari, da sunan da dangi suka gada. "Man Gyadan Tsafe" na duk mutanen Tsafe ne, ba a mallaka wa mutum ɗaya. Wani zai ce, ai ga attajirai suna sayar da siminti da sukari da sunansu. Haka ne, doka tana yarda in an rubuta sunan da wani fasali na musamman, ko an kawo shaida cewa jama'a sun daɗe da sanin hajar da shi. Amma wannan hanya ce ta lauya da kuɗi, talaka kuwa gara ya bi gajeruwa.

Kada kuma ku raɓi sunan wani don ku ci albarkacinsa. A 1968 Kotun Ƙoli ta hana sunan maganin Casorina, saboda ya yi kama da Castoria, wanda aka riga aka yi wa rajista.

Ku sani kuma takardar da hukumar CAC take bayarwa ta sunan shago ce, ba ta sunan haja ba. Ofishin rajistar tambari daban yake, a Abuja, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Can ake bincike ko wani ya riga ka, sannan a buga sunan a mujallar ofishin, a ba mai ƙorafi wata 2. In ba wanda ya fito, sai a ba ka takarda ta shekara 7, bayan nan ka riƙa sabunta ta duk shekara 14.

Mu 'yan siyasa mun san darajar alama. Iyayenmu da ba su yi boko ba, da tauraro suka gane NEPU, da fartanya suka gane NPC, da mabuɗi kuma suka gane PRP a zaɓen 1979. Haka mai saye yake gane hajarka.

Amma ina amfanin dokar da aka rubuta da Turancin lauyoyi, aka ajiye ofishinta nesa da mai talla? Muna kira ga gwamnatin Jihar Zamfara ta ajiye akawu a Gusau wanda zai cika wa 'yan kasuwa takardun nan, ya yi musu bayani da Hausa. Muna kuma kira ga gwamnatin tarayya ta sassauta wa ƙananan masu sana'a kuɗin rajista.

Kafin su farka, ku dai kada ku kashe ko kwabo wajen buga leda ko takarda sai kun tabbata sunan zai shiga rajista. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Ƙofar ofishin jam'iyya a buɗe take, duk mai suna a hannu ya kawo mu duba tare, kyauta.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.