Gyaran Halin Masu Laifi: Ana Ba da Kwangilar Aiki, Ba a Ba da Kwangilar Amana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yarin Najeriya gidajen gyaran hali. Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: sashen masu zaman kaso, da sashen waɗanda za a hukunta ba tare da an kulle su ba, ta hanyar ɗaurin talala, ko yi wa al'umma hidima, ko sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya zalunta. Sannan a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, saboda haka duk hanyar da za ta rage cunkoso abin maraba ce.

Sai dai yaron da alƙali ya yi wa ɗaurin talala ba a ofis zai kwana ba. Gida zai dawo, nan Kurmin Mashi ko Badiko ko Tudun Wada, kuma dole wani ya riƙa bibiyarsa, ya koya masa sana'a, ya raba shi da ƙwaya. Jami'an gwamnati ba su da yawan da za su ɗauki wannan nauyi su kaɗai, don haka dole za a jingina da ƙungiyoyi da kamfanoni da cibiyoyi masu zaman kansu. Ba na adawa da hakan. Abin da nake cewa shi ne, kada a miƙa ɗan kowa ga hannun wani sai an tanadi idon da zai bi sawu.

Mu mutanen Kaduna mun riga mun ga abin da rashin wannan ido ke haifarwa. A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Rigasa, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka sake fito da mutum 147 daga wata cibiya a unguwar, aka kuma samu makamancin haka a Daura. Ba gwamnati ce ta ba da waɗannan kwangiloli ba. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, suna biyan kuɗi, da kyakkyawar niyya ta neman shiriya. Amma da aka rufe ƙofa, babu mai ikon ƙwanƙwasawa ya ce a buɗe masa ya gani.

Kada kuma a ɗauka cewa sa hannu a takarda da hatimin hukuma sun wadatar. A 2014 gwamnatin Birtaniya, ƙarƙashin ministan shari'a Chris Grayling, ta raba aikin sa ido kan masu ɗaurin talala a Ingila da Wales. Ta riƙe masu laifi mafi haɗari a hannunta, ta miƙa sauran ga kamfanoni 21, da sharaɗin wani ɓangare na kuɗinsu ya dogara ga raguwar komawa ga laifi. Ba a jima ba masu bincike suka gano cewa dubban mutane ta wayar tarho kawai ake tuntuɓarsu, sau ɗaya a kimanin mako shida. A Fabrairun 2019 Working Links, ɗaya daga cikin masu riƙe da kwangilar, ya durƙushe. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta ƙarin asarar da gyara kwangilolin da yanke su kafin wa'adi suka jawo da aƙalla fam miliyan 467. A Yunin 2021 gwamnati ta karɓe aikin gaba ɗaya. Abin lura shi ne, an gano ɓarnar ne saboda akwai masu bincike masu cin gashin kansu da ke wallafa abin da suka gani. Idan bango ya tsage a inda ake dubawa, ina ga inda ba a leƙawa?

Magabatanmu sun san wannan matsala. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya shawarci Halifa Haruna Rashid a cikin Kitabul Kharaj da a ciyar da fursunoni a kuma tufatar da su daga baitulmali. Ya ce a riƙa ba su dirhami maimakon gurasa, domin gurasar za ta ƙare a hannun masu tsaron kurkuku, kuma a naɗa amintaccen mutum ya rubuta sunayensu, ya kira kowa da sunansa ya damƙa masa haƙƙinsa. Kafin shi, Sayyidina Umar bai tsaya ga naɗa gwamnoni ba, yakan aiki Muhammad bin Maslama ya binciko ƙorafin da aka kawo a kansu. A fiƙihu, wanda ya wakilta wani bai fita daga nauyin abin da ya wakilta ba.

Saboda haka, duk yarjejeniyar da jiha ko hukumar gyaran hali za ta ƙulla da wata cibiya, ya kamata ta ƙunshi rajistar kowane mutum da sunansa da wa'adinsa. A ba masu duba ikon shiga ba tare da sanarwa ba, su gana da mutanen a keɓe, ba a gaban mai cibiyar ba. Kada a biya kuɗi a kan yawan kawuna kawai, domin mai cin riba da yawan mutane ba ya son sallamar kowa. Kada kuma a dogara ga alƙaluman da ɗan kwangila ya rubuta da hannunsa; a je a ga telan ko bakaniken da aka ce yaro yana koyon aiki a wurinsa. Hukuncin mayar da mutum kaso ya zauna a hannun alƙali. A kuma fayyace tun farko inda za a mayar da mutane in an soke kwangila.

Wani zai ce waɗannan sharuɗɗa za su kori masu son taimakawa don Allah. Mai gaskiya ba ya gudun a duba shi, dubawar ma ita ce garkuwarsa ranar da aka yi masa ƙazafi.

Ya 'yan'uwa iyaye, kafin ku kai ɗanku wata cibiya, ku tambayi hukumar da ta yi mata rajista, da likitan da ke duba masu fama da shaye-shaye, da ko za ku iya ganinsa duk ranar da kuka so. In aka ce sai bayan wata uku, ku juya da abinku. Kwamitocin masallatanmu kuma su nemi sanin jami'in da ke kula da masu ɗaurin talala a yankinsu, su taya shi bibiya. Ɗalibanmu masu karatun shari'a da zamantakewa, ga fagen da ke jiran ku.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.